Tsuntsaye Sun Yi Sheƙa a Gonarmu: Tambayoyi da Amsoshi daga Bakin Fadamar Rima

Gonarmu tana arewa da birnin Sakkwato, a hanyar Kware, inda tudu ke gangarawa zuwa fadamar Gulbin Rima. Akwai garka mai shinge, ruhewa biyu, tsohuwar kuka ɗaya, gawo uku, giginya, da layin dogon yaro da mahaifinmu ya dasa. Duk shekara da zarar bazara ta yi nisa sai wurin ya cika da magina: wannan ɗauke da tsinke, wancan da gashin kaza, wani da laka a baki. Tun da mutane suka lura ina zama ina kallonsu, tambayoyi ba su yanke mini ba, daga maƙwabta, daga jikoki, har da masu zuwa sayen albasa. Na tattara waɗanda aka fi yi mini. Abin da za ku ji ina ta nanatawa shi ne, sheƙa baƙuwa ce mai ƙidayayyun kwanaki. Wanda ya san adadin kwanakin, haƙuri da ita ba zai yi masa wuya ba.

Yaushe ne tsuntsaye suka fi yin sheƙa a wannan yanki namu?

Mafi yawansu damina suke jira, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba. Dalili kuwa, yawancin 'ya'yan tsuntsaye da ƙwari suke girma, ba da hatsi ba. Ko waɗanda muka sani da cin gero, irin su marai da gwara, tsutsa da fara da shinge suke ɗura wa 'ya'yansu, waɗannan kuwa sai ruwa ya sauka suke yawaita. Ga ɗanyar ciyawa ta saƙa, ga ganye na sutura.

Akwai masu saɓa wa wannan. Kurciya da hasbiya ba su da wata, ko yaushe kana iya samun su a kwanci. Mujiya ta fi yin nata bayan kaka, lokacin da ɓeraye suka ƙoshi suka hayayyafa. Ungulu da rani take yi, zakaran ƙeƙuwa kuma sai ruwan fadama ya ja da baya ya bar masa rairayi.

Shamuwa ta yi sheƙa a kan kukar gidanmu, kashinta ya dame mu. In kore ta?

Ina roƙonka kada ka kore ta. Shamuwa ba 'yar gida ba ce, matafiyiya ce. Lokacin da muke fama da hunturu, ita tana can gabashi da kudancin Afirka, wajajen Zambiya da Zimbabuwe, tana cin daminarsu. Sai wajen Afrilu zuwa Mayu ta dawo mana, shi ya sa kakanninmu suka ɗauke ta mai bushara: in an ga shamuwa, a gyara gona, a duba iri. A nan take haihuwa, ba a can ba. Wato kukar gidanku ita ce garinsu.

Takan yi ƙwai biyu zuwa uku, ta yi kwanci kwana talatin ko da ɗaya, namiji da mace suna karɓa-karɓa. 'Ya'yan kuma sukan yi kwana 50 zuwa 60 kafin su tashi. In ka haɗa, wata uku ne da 'yan kai. Kafin a gama yankan gero sun kama hanya.

A cikin wata ukun nan abin da take ɗauka daga gonarka fara ce da tsutsa da sauran ƙwari. Ba ta taɓa zangarniya ko ɗaya. Na sha tsayawa da safe ina kallon su goma, ashirin, suna tafiya a jere cikin kunyoyi kamar masu noman gayya, kowace na tsintar abin da ke cin shukata. Kashin kuwa, ka ɗauke tabarma da tukunyar ruwa daga gindin itacen, ka zuba yashi a wurin, in ya taru ka kwashe ka kai gona. Taki ne mai ƙarfi. In ka ga ƙafafunta sun yi fari kamar an shafa farar ƙasa, ba ciwo ba ne. Da gangan take yin kashi a kansu don ta sanyaya jikinta, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato na watan Mayu, da kan wuce digiri 40, ba zai ga laifinta ba.

Kurciya ta yi ƙwai a kan katakon rumfata. Kwana nawa zan jira?

Wata ɗaya. Ƙwai biyu farare take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 13 zuwa 15, 'yan shilan su tashi bayan kamar mako biyu. Namiji ke kwanci da rana, mace da dare. Sheƙarta 'yan tsinkaye ne kawai, har kana iya hango ƙwan ta ƙasa, saboda haka kada a jijjiga rumfar ko a rataya mata kaya masu nauyi.

Ɗan tsuntsu ya faɗo ƙasa. Me zan yi?

Ka fara duba gashinsa kafin ka miƙa hannu. Idan gashi ya rufe shi, idonsa a buɗe, yana tsalle-tsalle yana iya riƙe reshe, to ba faɗowa ya yi ba, fitowa ya yi. Tsuntsaye da yawa sukan bar sheƙa kwana biyu ko uku kafin su ƙware da tashi, iyayen na nan kusa suna kawo musu abinci. Irin wannan, in yana tsakiyar hanya ko kusa da kyanwa, ka ɗaga shi ka ɗora a reshe mai duhuwa nan kusa, ka ja da baya sosai. Muddin kana tsaye a kansa uwar ba za ta sauko ba, kai kuma sai ka ce ai maraya ne.

Idan kuwa tsirara yake, jajir, ko gashin bai wuce tsiro-tsiro ba, wannan faɗowa ya yi, galibi bayan iskar hadari. Ka ɗaga kai ka nemi sheƙar ka mayar da shi. In sheƙar ce ta faɗo gaba ɗaya, ka samu ƙaramin ƙoƙo ko tsohon kwando, ka huda ƙasansa don kada ruwan sama ya kwanta, ka sa sheƙar a ciki, ka ɗaure a reshen da ya fi kusa da inda take. Bara jikata ta shigo da gudu tana cewa, "Kaka, ɗiyan kurciya sun hwaɗo!" Haka muka yi da ƙoƙon da ake auna gero. Kafin la'asar uwar ta dawo ta zauna a kansu.

An ce in mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwarsa za ta ƙi shi. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Na mayar da 'ya'ya sheƙa da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, iyayen suka ci gaba da ɗura musu. Abin da ke sa uwa ta gudu shi ne yawan leƙe, musamman tana kan ƙwai. Sannan sawun da kake ta yi zuwa gindin itacen hanya kake nuna wa kyanwa da hankaka.

In ban ga sheƙar ba, ko iyayen sun mutu, me zan ba shi?

Wannan tambayar ina amsa ta da nauyin zuciya, don na taɓa kashe ɗan tsuntsu da hannuna ina ganin taimakonsa nake yi. Ɗan marai ne, na tsince shi da rana tsaka yana buɗe baki. Na ce ƙishirwa ce, na ɗebo ruwa a cokali na zuba masa. Sai na ga kumfa na fitowa ta hancinsa, ya yi 'yar shure-shure a tafin hannuna, shi ke nan. Daga baya na gane cewa ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshensa, a buɗe. Ruwan da na zuba huhunsa ya tafi. Shekaru sun wuce amma ban manta ɗumin jikinsa yana barin hannuna ba.

Saboda haka kada ka zuba masa ruwa, kada ka ba shi fura ko nono ko madara ko koko. Ɗan tsuntsu daga abincinsa yake samun ruwa. Ka fara ɗumama shi: ka sa shi a ƙaramin kwali da tsumma, a inuwa, inda tururuwa ba za ta kai ba. In ya farfaɗo ya fara buɗe baki, ka ba shi gara, ko ƙananan tsutsotsi, ko dafaffen ƙwai da aka murtsuke aka ɗan jiƙa, kaɗan-kaɗan a kan tsinke marar tsini. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kusan duk rabin awa. Ka ga ke nan aiki ne na mai zaman gida.

Ɗan shila daban ne. Kurciya da hasbiya wani farin abu mai kauri kamar kindirmo suke fitarwa daga maƙoshinsu, uwa da uba duka, ɗan ya cusa bakinsa cikin nasu ya sha. Shi ba ya buɗe baki a zuba masa. In ya ɗan tasa, kana iya jiƙa gero ya yi laushi ka daka, ka sa a tsakanin yatsunka ya riƙa cusa baki yana zuƙa. Duk da haka yawancin waɗanda mutum ya rena ba sa kai labari, shi ya sa neman iyayen ya fi komai. Babban tsuntsu mai karaya ko rauni kuwa, a kai shi wurin likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Na ga cilakowa yana ta kai abinci wani ɗan tsagi a jikin itace, amma ban ga sheƙa ba.

Matarsa ce a ciki, kuma ita ta toshe ƙofar da kanta. A duk abin da na gani a gonar nan babu wanda ya kai wannan ban mamaki. Macen takan shiga kogon itace, ta liƙe bakin kogon da laka da kashinta da ragowar abinci, ta bar tsagi siriri wanda bakinta kawai ke iya wucewa. A ciki take yin ƙwai, biyu zuwa huɗu, a ciki kuma take zubar da gashin fukafukanta da na jelarta, sabo ya tsiro. Duk tsawon wannan lokaci namijin ne ke ciyar da ita, daga baya har da 'ya'yan.

Akwai shekarar da suka yi a kogon kukarmu, daidai tsayin kafaɗata. Nakan zauna nesa kaɗan bayan sallar asuba. Zai zo da fara a baki, ya sauka a reshe ya waiga dama da hagu, ya maƙale a jikin itacen, sai ka ga ɗan baki ya leƙo ya karɓe. Wani lokaci ƙadangare ne ƙarami, wani lokaci 'ya'yan dogon yaro. In tana son yin kashi sai ta juya ta harbo shi waje ta tsagin, shi ya sa gindin itacen kan yi fari. Da 'ya'yan suka yi kamar mako uku, wuri ya yi musu kaɗan, sai ta fasa ta fito, su kuma 'ya'yan da kansu suka sake liƙe ƙofar daga ciki. Daga nan iyayen biyu suka riƙa jigila har suka fito.

Abin da za ka kiyaye: duk wanda ya harbe namijin cilakowa da damina, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba. Akwai mace marar fiffike da 'ya'yanta a kulle suna jiran sa.

Mujiya ta haihu a tsohuwar ruhewarmu, da dare muna jin huci. Mutanen gida sun tsorata.

Hucin nan na 'ya'yan ne, yunwa suke faɗa. Farar mujiya mai fuska kamar faifai takan yi ƙwai huɗu zuwa bakwai, ba rana ɗaya ba, tsakanin kowane da na bayansa kwana biyu ko uku, kuma tun daga na farko take fara kwanci. Shi ya sa in ka leƙa za ka gan su kamar matakala, babba ya yi gashi, auta ko ido bai buɗe ba. Kwanci wata ɗaya, reno kusan wata biyu.

Wani maƙwabcina ya taɓa zuwa da yamma ransa a ɓace, ya ce, "Malam, wagga tsuntsuwa ba ta ƙara kwana gidana, wuta za ni sa mata." Na ce masa, "Alhaji, mu je ka nuna mini wurin tukuna." A ƙasan ruhewar akwai wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe kamar kashin raƙumi. Ba kashi ba ne, amai ne: mujiya takan haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. Na farfasa masa guda biyar da tsinke. Kowane da ƙoƙon kan ɓera ko na jaɓa, har da haƙora. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar ta. Mutumin da ke kukan ɓeraye sun gama masa da dawa, ga mai gadi ya samu kyauta.

Batun cewa kukanta mutuwa yake kira, hadisi ingantacce da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsaye, ya kuma ambaci "hama", wadda malamai da dama suka fassara da mujiya. Abu ɗaya zan ƙara: in mujiya na gidanka, ka daina sa maganin ɓera. Ɓeran da ya ci guba shi ne mai saurin kamuwa, ita kuma 'ya'yanta za ta kai wa.

Marai sun cika itacen da ke bakin gonata. Ba za su cinye mini gero ba? Ko su ne janbaki?

Ba su ba ne, kuma ya kamata a rarrabe. Marai shi ne rawaya mai baƙin kai, mai surutu, wanda ke rataya sheƙa kamar gora a ƙarshen reshe, ƙofar tana kallon ƙasa. Namiji ne ke saƙa, cikin yini ɗaya yana iya gamawa, sannan ya rataye a ƙasanta yana kaɗa fukafuki yana kiran mace. In ta duba ba ta yi mata ba, ko ciyawar ta bushe ba a samu mai shiga ba, sai ya warware ya sake sabuwa. Ƙwai biyu ko uku, kwanci kamar mako biyu, reno kamar mako uku. Ba zan ce marai ba ya taɓa hatsi ba. Yana ci, yana kuma yage ganyen dawa da na masara don saƙa. Amma ɓarnarsa irin wadda yaro da gwangwani da igiya ke iya tsarewa ce, kuma duk lokacin da yake reno tsutsa yake kwasa.

Janbaki shi ne bala'in. Ƙarami ne, amma ana ɗaukarsa tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya, ana ƙiyasin ya kai biliyan ɗaya da rabi. Kowane ɗaya kan ci kimanin giram 10 a yini, ka lissafa garken da ke rufe rana. Manoman shinkafa na Wurno da Goronyo ba sa bukatar a ba su labari. Sai dai shi janbaki ba ya sheƙa a itacen gida. Can cikin dajin ƙaya yake taruwa dubbai-dubbai, ya yi saƙa cikin kwana biyu ko uku, ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana goma, kafin mako biyar zuwa shida an watse. In ka gano matattararsu, ka sanar da malaman gona na ƙaramar hukuma. Kada ka jiƙa hatsi da guba ka watsa. Janbaki kaɗan za ka samu, amma za ka kwashe kurciyoyi da fakara da zabin maƙwabta, sannan duk abin da ya ci gawarsu ya bi su. Ko feshin da ake yi da jirgin sama, maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe shi.

Ina son in sassabe dogon yaro kafin iska ta karya shi a kan ɗaki. Yaya zan yi?

Ka yi shi da hunturu, Janairu ko Fabrairu, ba sai hadari ya fara haɗuwa ba. Ko a lokacin ka zagaya itacen ka duba, saboda kurciya. In kuwa dole ce ta kama da damina, reshe na barazana ga rai, ka sare wanda ya zama dole ka bar sauran. Masu sassabe gawo don dabbobi su ma su riƙa ɗaga kai kafin su ɗaga gatari. Giginya kuma a bar mata busasshen ganyenta da ke rataye: a jikinsa tsattsewa ke manna 'yar sheƙarta ta gashi da yawu, har ƙwan ma da yawu take liƙe shi don kada ya faɗo, ta yi kwanci a tsaye tana maƙale.

Yara sun addabi sheƙuna da danƙo, suna kwashe ƙwai. Duka ba ya hana su.

Ba zai hana ba, ɓoyewa kawai za su koya. Abin da ya yi mini aiki shi ne ba su amana. Kowane yaro na ba shi sheƙa ɗaya ta zama tasa, ya riƙa hangenta daga nesa, ya zo ya gaya mini ranar da aka ƙyanƙyashe da ranar da aka tashi, muna yin zane da gawayi a bangon zaure. Yaron da ya ƙirga wa kurciya kwana ashirin da takwas ba ya yarda wani ya jefe ta.

Nakan kuma ba su labarin da Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud. Sahabbai suna cikin tafiya suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta shimfiɗa fukafuki a kansu. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Yara suna jin wannan fiye da bulala.

Ina huɗa na tarar da ƙwai a ƙasa, ba sheƙa ba komai.

Akwai masu haihuwa a ƙasa: fakara, zabuwar daji, yautai, da zakaran ƙeƙuwa a bakin ruwa. Ka kafa kara biyu nesa kaɗan don ka gane wurin, ka kewaye shi da garma, ka bar masa 'yar ciyawarsa. Taki biyu na gona ba zai rage maka damin gero ba. Kada ka matsar da ƙwan, don uwar wurin ta sani. Zakaran ƙeƙuwa in rana ta yi zafi yakan je ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya sanyaya ƙwan. In ya taso maka da ihu yana kai maka sura, to ka kusa taka su ne, ka duba ƙafarka. 'Ya'yan irin waɗannan da gudunsu suke fitowa daga ƙwai, kada ka ga ɗaya ya lafe a ciyawa ka ce ɓata ya yi.

Me ya sa ake cewa hankaka mai da ɗan wani naka?

Akwai abin da ke faruwa wanda ya yi daidai da karin maganar. Akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da tukku, bayansa da ɗigo-ɗigon fari, wanda ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena har ya tashi. Haka ma baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shiga har cikin ɗaki tana sheƙa a jinka: wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi yana saka mata ƙwai, kuma ɗansa yakan fito da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yanta, ta yadda ba ta rarrabewa. In ka ga haka kada ka cire baƙon ƙwan. Tun kafin a haƙa rijiyar garinku suke wannan zama.

Kyanwa da maciji fa?

Kyanwar gida ita ce babbar mai ɓarna, a rufe ta a ɗaki na 'yan kwanakin da 'ya'ya ke koyon tashi, musamman da asuba. Ana iya naɗe gindin itace da tsohon kwanon rufi mai santsi, ko a kewaye shi da ƙayar magarya, yana rage hawan kyanwa da damo. Shaho da maciji kuwa, wani abin sai haƙuri. Ba duk ƙwai ne ke zama tsuntsu ba, shi ya sa kurciya ke haihuwa sau da yawa a shekara.

Tsuntsayen daji ba za su kawo wa kajina cuta ba?

Tambaya ce mai kyau. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, a Jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. An fi danganta yaɗuwarta da tsuntsayen ruwa da kuma safarar kaji daga wuri zuwa wuri. Kurciya ɗaya a rumfa ba abin tayar da hankali ba ce. Amma kada akurki ya kasance a gindin itacen da balbela ko shamuwa ke kwana, kada kuma kaji su sha ruwa kasko ɗaya da tsuntsayen daji. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa kowane tsuntsu. In ka ga sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada yara su ɗauka, kada a ci, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Balbela in ta yi matattara a itacen tsakar gida, wari da hayaniya sai mai haƙuri. Maganin shi ne a rage rassan da rani kafin su zo. In sun riga sun yi ƙwai, wata biyu ne.

Ungulu ta yi sheƙa a wata doguwar itaciya a gonarmu, wani ya ce zai saya.

Kada ka sayar, kada kuma ka nuna wa kowa wurin. Mu da muka girma muna ganin ungulaye sun yi baƙi a mahauta da bayan kasuwa, yau sai mu yi wata da watanni ba mu ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Guba da masu sayen kai da ƙwai don tsibbu su suka kai ta nan. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta yi kusan kwana hamsin a kansa, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Wanda ya ɗauke ƙwan nan ya shafe mata shekara guda. Mushen da take kwashewa kuwa yanzu karnuka da ƙudaje ne ke gadonsa, a bakin gari, kusa da inda yaranmu ke wasa.

Ni so nake su zo. Me zan yi?

Ruwa. Daga Maris zuwa saukar damina babu abin da ya kai shi. Ka sa kasko marar zurfi a inuwa, ka jefa dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, ka riƙa zubarwa kana sakewa kullum saboda sauro. Ka bar tsohon itace mai kogo in ba ya barazana ga kowa, ka bar magarya da aduwa a shinge, ka rage feshi a kusa da inda ake reno. Ba sai ka watsa hatsi ba.

Sun tashi. In cire sheƙar?

Ta kurciya da ta ƙananan tsuntsaye, in a cikin ɗaki ko rumfa take, ka jira kwana uku ka tabbata ba mai dawowa, sannan ka cire ka share wurin, don takan tara ƙuma. Ta marai iska za ta sauke maka. Kogon cilakowa da wurin mujiya a bar su yadda suke, sukan dawo. Ta shamuwa kuwa kada a taɓa ko tsinke ɗaya, a kanta take ƙara gini duk shekara. Wadda ke kan kukarmu ta yi faɗin da yaro zai iya kwanciya a ciki. Da rani hasbiya kan zauna a gefenta, iskar hunturu ta zubar da 'yan ƙirare, ni kuma daga tsakiyar Afrilu nakan fara ɗaga kai duk safiya in na fito da buta.